Yadda zaka haɗa zakara da kaza ka gane mace da namiji tun ranar ƙyanƙyasa

Jama'a assalamu alaikum. Tunda na fara kiwon kaji a bayan gida nan Bauchi tambayar da aka fi yi min ita ce wai yaya ake gane ɗan tsako mace ne ko namiji tun yana ƙarami, kuma duk wanda yayi tambayan nan na san abinda ke damunshi, don akwai ciwo mutum ya sayi 'yan tsaki goma da niyyar samun ƙwai, yayi wata huɗu yana zuba dusa da fid, rana ɗaya da asuba yaji bakwai a cikinsu suna koyon cara. Ni ma ya taɓa samuna. A wata kasuwar ƙauye ne mai kajin ya riƙa kamo su ɗaya bayan ɗaya yana riƙe ƙafa kai a ƙasa, wanda ya ɗago kai yana fisge-fisge yace namiji ne ya maida kwando, wanda yayi lamo yace "Malam ga macenka". Ban ce yaudarata yayi ba, shi ma abinda ya gada kenan ya yarda dashi. Amma gaskiya wannan canki-canka ne, haka ma duba siffar ƙwai wai mai tsini zakara mai zagaye kaza, haka ma rataya allura da zare a kan tsako. Duk wanda ya canka zai dace a rabi tunda dama abu biyu ne, sai ya riƙe inda ya dace ya manta inda ya faɗi.

Abinda ke aiki ba a jikin ɗan tsakon ake fara shi ba, a wajen iyayen ake farawa. In ka haɗa zakaran da ya dace da kazar da ta dace, kalar gashin tsakon ce zata faɗa maka ko shi waye tun bai bushe ba. In baka haɗa ba kuwa kala bata faɗan komai, sai dai kayi haƙuri zuwa sati biyar ko shida.

Wacce ta fara buɗe min ido a kan wannan Goggona ce, tana can wajen Liman Katagum, bata yi boko ba amma ta fi shekara arba'in tana kiwo. Akwai wata kaza wake-wake da take ji da ita, irin mai zanen baƙi da fari layi-layi ɗin nan, zakaran gidan kuma baƙi ne wuluk. Naje gaisheta ranar da kazar ta sauko daga kwanci, ta ɗaga kwandon ta riƙa nuna min da yatsa, tace "ɗan nan kaga waɗannan masu farin ɗigo a ka? zakaru ne, na Sallah ne waɗannan. Masu baƙin kai su zan bari." Nace Goggo ta yaya kika sani tun yau? Tace "ita wannan kazar 'ya'yanta maza take ba zaninta, matan na ubansu suke ɗauka." A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai, sai da na dawo bayan wata uku na tarar da masu ɗigon nan duk sun zama zakaru wake-wake, sauran kuma baƙaƙen sagaru.

Mu dai mun saba da cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, toh a wasu kalolin kaji abin a juye yake, ɗa uwa yake gado 'ya kuma uba, kuma ga dalili. Kowane tsako yana karɓan kayan gado rabi daga uba rabi daga uwa, a cikin wasu 'yan ƙulle-ƙulle da masana ke kira kuromosom, kaza tana da guda 78 wato biyu-biyu sau 39. Ka ɗauke su kaman jakunkuna. A cikinsu akwai biyu da ke raba jinsi. Zakara yana da Z guda biyu, kaza kuma tana da Z ɗaya da wata 'yar ƙarama W. Zakara komai ya bayar Z ne tunda ita kaɗai gareshi. Kaza ce in ta saka Z a ƙwai ya zama namiji, in ta saka W ya zama mace, kenan a kaji uwa ce ke yanke jinsi ba uba ba, saɓanin mu 'yan Adam. Don haka masu yanka zakara wai don yana yawan kawo maza, ba laifinshi bane.

Yanzu ka riƙe wannan da kyau don duk bayanin nan a kanshi ya rataya. Wasu kaloli a cikin jakar Z suke, W bata ɗauke dasu. Kaza Z ɗinta ɗaya ne tal kuma ɗanta namiji kaɗai ke samunshi. 'Yarta mace W ta karɓa daga uwa, Z ɗinta na uba ne. Saboda haka in uwa na ɗauke da kala mai rinjaye a Z ɗinta, uban kuma bashi da ita, duk mazan zasu fito da kalar uwa, duk matan zasu fito babu ita. Abinda Goggo ta gani kenan.

Haɗi na farko kuma wanda yafi sauƙi a wajenmu shine na wake-wake. Ka samu kaza wake-wake, ka haɗa ta da zakaran da bashi da zanen ko kaɗan, baƙi ko ja. Ranar ƙyanƙyasa ka jira su bushe sannan ka duba tsakiyar kai a wajen haske, namiji zaka ga farin ɗigo ko ruwan madara kaman an ɗiga mishi nono, wani ƙarami wani ya bazu har ƙeya, mace kanta baƙi ne babu komai. Kar farin ƙirji ko na ciki ya ruɗe ka, yawancin baƙaƙen 'yan tsaki suna dashi maza da mata, kai kawai zaka duba. Abu ɗaya da zan ja hankali, ɗigon a kan baƙin tsako yake fitowa sosai. In kazarka wake-waken ruwa biyu ce, ka haɗa ta da jan zakara, wasu 'ya'yan zasu fito ruwan ƙasa masu layi a baya kuma a irinsu ɗigon yana wuyan gani, shi yasa ni nafi son baƙin zakara a wannan haɗin in dai kajin gida ne. Kuma kar ka kuskura kasa farin zakara, zan zo kan dalili.

Ai kun san wannan haɗin ma baku dai lura bane. Baƙaƙen leyas ɗin nan, wato kajin ƙwai na kamfani, da ake kawowa daga Ibadan masu ɗan ja a wuya, irin su Harco da Nera, da jan zakara da kaza wake-wake ake samar dasu. 'Yan uwansu maza sune kokarel masu zanen baƙi da fari da ake sayarwa da araha a kwali, kamfani ya ware su tun ranar farko da ɗigon kan nan ba tare da wani na'ura ba. Haka jajayen leyas irin ISA Brown, 'yan uwansu maza sune farin kokarel. Wannan shine haɗi na biyu.

Shi na biyun tsakanin ja da fari ne, amma wani irin fari na musamman da masana ke ce wa azurfa, ja kuma suce zinariya. Azurfa ce mai rinjaye kuma ita ma a Z take. Ka samu jan zakara, ja sosai ko ruwan goro ko ruwan ƙasa mai haske, ka haɗa shi da kaza mai farin jiki wacce wuyanta da jelarta ke da baƙi, misali mafi kusa shine farar Brahma ɗin nan mai gashi a ƙafa da 'yan kiwon ado ke yayi yanzu. 'Ya'ya mata zasu fito ja-ja ko ruwan zuma, maza kuma fari-fari ko ruwan madara wani da ɗan toka a baya. In ka zuba su a kwali ɗaya bambancin ko yaro zai gani. Masu Brahma wannan zai muku amfani sosai don ita bata saurin nuna jinsi, zankonta ƙarami ne kwantacce, sai kayi wata uku kana kallon tsako baka san ko waye ba. A wannan haɗin kuma baƙin zakara baya yi, don baƙi zai rufe 'ya'yan duka baka ga ja ba baka ga fari ba.

Abinda ke burge ni da haɗin nan guda biyu shine basa buƙatar ka san asalin kakannin kajin. Kaza bata iya ɓoye abinda ke Z ɗinta tunda ɗaya ne, in ka ganta wake-wake toh tana dashi, in ka ganta azurfa toh azurfa ce. Shi kuma zakaran da ya fito ja ko baƙi babu zane, da yana da mai rinjayen da ya nuna a jikinshi. Kenan da idonka zaka zaɓi iyayen ko a kasuwar Muda Lawal ta nan Bauchi ne ko a kasuwar ƙauye.

Amma in ka juya haɗin ya lalace, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa su dawo suce ƙarya ne. Zakara wake-wake da baƙar kaza baya raba jinsi, don zakara maza da mata duk yana basu Z, in yana da zanen a jaka biyu duk 'ya'yan zasu fito da ɗigo, in a jaka ɗaya ne rabi zasu fito dashi kuma a cikinsu akwai maza akwai mata. Haka farin zakara da jar kaza. Mai rinjayen dole a jikin uwa yake, uba kuma ya zama babu. Sannan abin zubi ɗaya yake yi. In ka ɗauki farin kokarel ka haɗa da jar leya 'yar uwarshi, 'ya'yan zasu fito ja da fari a gauraye kuma kalar bata nufin komai, don shi farin kokarel ɗin yana ɓoye da jan ubanshi a ɗaya jakar. Na ga wanda ya ƙyanƙyashe ƙwan leyas ɗinshi ya ware farare ya sayar a matsayin maza, ashe kusan rabinsu mata ne. Kokarel wake-wake dai yana da amfani ta wata hanya, in baka samu kaza wake-wake ba ka sake shi cikin baƙaƙen kajinka, kusan rabin matan da za'a samu zasu fito wake-wake, su ne zaka ware su zama iyayen haɗinka na gaba. A cikin Noiler ma da kamfanin Amo ke fitarwa daga Awe a jihar Oyo ana samun mata masu zanen, ita dai Noiler kalolinta a gauraye suke ba'a raba jinsinta da kala.

Wani abu da za ku lura dashi, zakaran da ya gaji zanen ta uwa da uba yafi haske, farin layinshi yafi faɗi, kazar kuma tafi duhu tunda nata ɗaya ne. Da wannan ne wani masani Punnett da abokin aikinshi suka samar da wani irin kaza a Kambirij ta Ingila a 1929 da suka kira Cambar, wacce ita kowane zubi ana gane mace da namiji ranar farko. Mu bamu da irinta a nan amma in ka daɗe kana haɗa wake-wake da wake-wake zaka fara ganin ɗigon maza yafi girma ya bazu, na mata ƙarami ne tsaf.

Toh maganar farin zakara. Fari a kaji kaman fenti ne da aka shafa a bango, baka san me ke ƙasa ba. Akwai fari mai rinjaye, irin na buroila da fararen leyas, shi ko ta gefe ɗaya tsako ya gaje shi zai shafe baƙin jikinshi, ɗigon da kake nema ya ɓace a ciki, kuma zakaran yana iya zama wake-wake a ɓoye baka sani ba. Wannan farin baƙi yake ci, baya cin ja sosai, shi yasa zaka ga ISA Brown jikinta ja amma jela da ƙasan gashi fari, wajen da ya kamata ya zama baƙi ne aka shafe. Akwai kuma fari mai ɓuya wanda sai tsako ya gaje shi ta uwa da uba sannan ya fito. Shine zaka ga jan zakara da baƙar kaza sun fitar da tsako fari fat, mai gida ya fara zargin zakaran maƙwabta, alhali duk su biyun suna ɗauke dashi a ɓoye, kuma in haka ne kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu fari zai fito.

Masu son kaza ruwan toka kuma ga naku. Tokar nan baƙi ne aka sirka. Toka da toka basa bada toka zalla, a lissafi cikin huɗu ɗaya baƙi, biyu toka, ɗaya fari mai ɗishi-ɗishin toka kaman an watsa mishi. In kana son duk su fito toka sai ka haɗa baƙi da wannan mai ɗishi-ɗishin. Wannan ba'a Z yake ba, don haka babu ruwanshi da mace ko namiji.

Irin lissafin nan ne a fingi mai gashi a murɗe, kuma a nan ina roƙo don Allah a daina haɗa fingi da fingi. Wanda ya gaji abin ta gefe biyu gashinshi siriri ne mai karyewa, kafin ya girma rabin jikinshi a tsirara, in hunturu ya shigo irin na Disamba da Janairu a garin nan sai kaga ya takure a lungu yana rawar ɗari, ga ƙunar rana in bazara tazo. Ka haɗa fingi da mai gashi lafiyayye, rabi zasu fito fingi masu kyau. Mai wuya babu gashi kuwa ni ina ganin mun raina ta ne kawai saboda kamanni, don a zafin Maris da Afrilu lokacin da sauran kaji ke buɗe baki suna haki sun rage ci, ita tana kiwonta. Shima mai rinjaye ne, ana ganinshi a wuyan tsako tun ranar farko, wacce ta gada ta gefe ɗaya zaka ga ɗan tuntun gashi a gaban wuya, ta gefe biyu kusan babu.

Duk lissafin nan na huɗu ɗaya da rabi-rabi sai a yawa yake daidaita. Ƙwai goma na iya baka maza bakwai, ba wani abu bane ya lalace.

Yanzu aikin hannu, don sanin haɗi baya amfani in baka tabbatar waye uban ba. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta sati biyu har zuwa uku tana saka ƙwai mai rai dashi. In tana yawo a unguwa ka kamo ta yau ka haɗa da zakaranka ka fara tara ƙwai gobe, na wani kake tarawa. Ka killace ta a akurki ko keji sati uku cur babu wani zakara, sannan ka saka wanda ka zaɓa, bayan kwana biyu zuwa uku ka fara tara ƙwai. In ka saka shi tun farko ma ba laifi amma ƙwan sati ukun farko na shayi ne da indomi. Wannan sati ukun yana maka aiki biyu, don in daga kasuwa ka sayo zakaran dama bai kamata ya shiga cikin kajinka kai tsaye ba, ka ajiye shi gefe ka ga ko yana zawo ko mura ko gyangyaɗi. Cutar nan mai share akurki da ake kira Niyukasul a hunturu tafi tashi kuma sabon kaza daga kasuwa ne yawanci ke shigo da ita. Rigakafinta a Vom ake yi nan kusa damu a Filato, akwai irin na ɗigawa a ido mai jure zafi da ake kira I-2, ana maimaita shi duk wata uku zuwa huɗu, ka nemi malaman dabbobi su baka kafin sanyi ya shigo ba bayan kaji sun fara faɗuwa ba.

Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. In kaza ɗaya ko biyu ka rufe dashi zai tsige musu baya, sai ka riƙa fitar dashi kana maida shi bayan kwana biyu-biyu.

Ƙwan da zaka ajiye ka zaɓi matsakaici mai kauri babu tsaga, kar ka wanke shi don akwai wani shafi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, in da ɗan kashi ka kankare a bushe. Ka rubuta kwanan wata da sunan haɗin da fensir, ka jera a kiret tsinin yana ƙasa. Kar ya wuce kwana bakwai kafin a kwanta mishi, in ya haura goma ƙyanƙyasar raguwa take. Babbar matsalarmu zafi ne, a bazara ɗaki mai rufin kwano yana ɗumama ƙwai har tsakon ya fara tasowa a ciki ya mutu kafin kaza ta hau, a ƙarshe kace baragurbi ne ko zakara bashi da ƙarfi. Firij kuma yayi sanyi da yawa. Ni gindin randa nake ajiyewa a kan yashi mai ɗan danshi inda iska ke shiga, amma ƙwan kar ya taɓa ruwa.

Leyas da Noiler ba kasafai suke kwanci ba, an cire musu halin. Kazar Hausa ce uwa, kaman dai yadda muke saka mata ƙwan zabi. Ka bari ta kwana biyu a kan nata ka tabbatar ta zauna da gaske, da daddare ka zare nata ka saka naka guda goma zuwa sha biyu gwargwadon girmanta, duk rana ɗaya don su fito tare a kwana 21. Kowace uwa haɗi ɗaya zaka bata, in ka cakuɗa ƙwan haɗi biyu a ƙarƙashin kaza ɗaya da safe zaka tarar da 'yan tsaki da ɓawo ko'ina baka san wanne ya fito daga wanne ba. Rana ta bakwai ka haska kowane ƙwai da tocilar waya a cikin duhu, mai rai zaka ga jijiyoyi ja kaman saƙar gizo da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya, wanda haske ya ratsa tas ka cire shi kafin ya fashe ya ɓata sauran. Masu inkubeta, wato na'urar ƙyanƙyasa, zafi digiri 37.5 zuwa 37.8 na Salshiyas, a riƙa juyawa har rana ta 18 sannan a daina a ƙara ruwa, kuma in baka da sola ko janareta da ka yarda dashi gara kazar.

Da sun fito ka yi musu alama a kwana biyun farko, don ɗigon kan nan yana tafiya da zarar gashin gaske ya fara tsirowa. Ni zaren saƙa nake ɗaura wa maza a ƙafa sako-sako, kuma duk sati sai na duba na canza don ƙafa na girma zaren na iya cin nama.

Akwai masu buɗe fiffike su duba tsawon gashi, wai in layi biyu na gashin bakin fiffiken basu yi daidai ba mace ce in sun yi daidai namiji. Gaskiya ne amma shima haɗi ne irin na Z, sai uba mai saurin fitar gashi da uwa mai jinkiri, kuma a kwana ɗaya zuwa uku na farko kaɗai ake gani. Kamfanoni ke tsara wannan a wasu irin buroila da fararen leyas, a kajin gida da ba'a san iyaye ba babu tabbas. Salon duba duburar tsako kuma da kuke gani a bidiyo a TikTok da Facebook, a Japan aka ƙirƙiro shi wajen shekarun 1920 kuma masu yi sai sun daɗe suna koyo a hannun ƙwararru kan dubban 'yan tsaki. Don Allah kar ka gwada, matsi kaɗan ya wuce ƙa'ida ka fasa mishi ciki.

Wanda ya riga ya sayi nashi a gauraye sai kallo. Ka kwatanta sa'o'in juna 'yan uwa ɗaya, kar ka haɗa Brahma da kazar Hausa kace wannan yafi wannan zanko. Daga sati huɗu zuwa shida zankon namiji yake fara tashi yayi ja, naman ƙasan bakinshi ya fara leƙowa, na mace yana nan ƙarami ruwan ɗorawa ko fari-fari kuma ba zai yi ja ba sai ta kusa fara ƙwai wajen wata biyar zuwa shida. Ƙafar namiji tafi kauri, tsayuwarshi a miƙe, in ka tafa hannu ko inuwar shirwa ta gifta shi zai ɗaga wuya ya duba, matan su lafe, amma wannan kar ka yanke hukunci dashi shi kaɗai don akwai sagaru masu tsaurin ido. A masu kala in kaga ja mai duhu mai sheƙi yana fitowa a kafaɗar fiffike, namiji ne. Wanda baya ƙarya shine gashin gadon baya daf da jela, wajen wata uku zuwa huɗu ka saka kati ko yatsa a ƙarƙashi ka ɗaga, na namiji siriri ne mai tsini mai ƙyalli yana zubowa gefe, na mace bakinshi a zagaye yake.

In ka gane mazan da wuri ka raba su, kayi musu kiwon nama su kai Sallah ko ƙarshen shekara lokacin da zakara ke kuɗi, matan kuma ka basu kulawar masu ƙwai. Sai dai kar ka manta matan da suka fito daga haɗin wake-wake baƙaƙe ne basu da zanen, na haɗin ja da fari kuma jajaye ne, ba zasu maimaita maka abin ba. Dole ka riƙe layin iyaye mata daban, wato keji ɗaya na zakara wake-wake da kaji wake-wake da zai riƙa baka sabbin uwaye, kuma shi wannan zakaran ka canza shi duk shekara ko shekara biyu ka nemo daga wani gari, Dass ko Alkaleri ko Toro, kar ya riƙa hawa 'ya'yanshi da jikokinshi, don in jini ya kusanci juna da yawa ƙwai ya riƙa mutuwa a ɓawo 'yan tsaki su riƙa fitowa da murɗaɗɗun yatsu. Ka samu ɗan littafi irin na 'yan firamare ka rataye a ƙofar akurki, ka rubuta wane zakara, wace kaza, ranar da aka kwanta, nawa suka fito, nawa masu ɗigo, bayan wata uku ka dawo shafin ka rubuta nawa ne a cikin masu ɗigon suka yi cara.